An ɗiga wa ɗana rigakafin gudawa, ga shi yana gudawa: na talakawa daban ake yi?

Tambaya: "Assalamu alaikum likita. Ni malamar firamare ce a Tudun Wada, Zariya. Ɗana watansa tara. Duk rigakafin da ke kan kati na kai shi an yi masa, har da sabon nan na gudawa da ake ɗigawa a baki sau uku. Makon jiya ya yi kwana uku yana gudawa. Uwar mijina ta ce haƙori ne. Mai gidana kuma ya ce ya ji a majalisarsu cewa wanda ake ba yaranmu ɗan Indiya ne mai araha, rabin aiki yake yi, na Turawa kuwa kusan ɗari bisa ɗari. Da gaske ne na talakawa daban ake yi? In haka ne, mene ne amfanin wahalar bin layi?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba yaro lafiya, ya raya miki shi. In na fahimce ki, abin da ya tsaya miki a rai shi ne kin bar aji kin bi layi har sau uku, an ɗiga wa yaro abin da aka ce na gudawa ne, gudawar kuma ba ta fasa zuwa ba, sannan ga magana daga majalisa mai nuna cewa tun asali ba mai kyan aka ba ku ba. Ni likitar yara ce, na daɗe ina aiki a nan Zariya, kuma ba daga bakinki na fara jin wannan tambaya ba. Abin da mai gidanki ya jiyo, in aka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kusan duk gaskiya ne. Ɗan Indiya ne, yana da araha, kuma a gwajin da aka yi masa kariyarsa ba ta wuce rabi da 'yan kai ba. Wurin dalili ne maganar ta karkace. Na Turawan ma da aka kawo shi Afirka aka gwada, rabin aikin ya yi. Sai ki yi haƙuri da ni, amsar tana da ɗan tsawo.

Ba kowace gudawa ba ce

Laifin farko namu ne, mu ma'aikatan lafiya. Don a taƙaita magana muke ce wa iyaye "rigakafin gudawa", alhali kuwa rigakafin ƙwayar cuta guda ɗaya ne tak, wadda ake kira rota. Masu sa yaro gudawa suna da yawa: akwai masu kawo atini, akwai kwalara, akwai wasu ƙwayoyin da ke shiga ta ruwa da abinci, har zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda kan zo da ita. Rota dai ita ce uwa-uba wajen kwantar da 'yan ƙasa da shekara biyu. Kafin zuwan rigakafin, a cikin yara goma da gudawa ta kai su gadon asibiti a ƙasashenmu, kusan huɗu aikinta ne.

A 1973 wata masaniya mai suna Ruth Bishop da abokan aikinta suka fara ganinta a hanjin yara a asibitin yara na Melbourne, ƙasar Ostareliya. In an faɗaɗa hotonta kamar ƙafar keke take, shi ya sa aka raɗa mata rota, wato ƙafar keke ko ta amalanke da harshen Latin. Ta baki take shiga. Bayan kamar kwana biyu sai amai da zazzaɓi, sai gudawa tsululu kamar an buɗe famfo, ta yi kwana uku zuwa takwas. Tana cinye 'yan gashi-gashin da ke cikin hanji masu tsotse ruwa da abinci, sai abin da yaro ya sha ya bi ta ƙasa ya wuce. Ƙarewar ruwan jiki ke kisa, aman kuma shi ke ɓata lissafi, don ko an haɗa ruwan gishiri da sukari sai ya dawo.

Da hunturu muka fi ganinta, daga Disamba zuwa Fabrairu. Ba na manta wata yarinya 'yar wata bakwai da aka kawo mini da asuba daga wani ƙauye ta hanyar Giwa, an naɗe ta da zane biyu saboda sanyi. Idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, tana buɗe baki za ta yi kuka babu murya babu hawaye. Na tsunkuli fatar cikinta na saki, ta tsaya a tattare kamar tsumman da aka matse. Uwar ta zazzage mini leda a kan tebur: Flagyl na ruwa, wani jan sirop, da ƙullin bauri. Kwana biyu suna zirga-zirga tsakanin kemis da gida. Mun fi rabin awa muna neman jijiya, hannu da ƙafa duk sun ɓuya, a ƙarshe sai a ka muka samu. Ta tashi, alhamdu lillahi. Da motar ta ƙara awa biyu a hanya, da wani labarin nake ba ki.

Abin da ya sa duniya ta dage sai an yi wa wannan cuta rigakafi shi ne tsafta ba ta tare ta yadda take tare kwalara. A ɗan kashin yaro mai ita akwai ƙwayoyi biliyoyi, waɗanda ba su kai ɗari ba kuwa sun isa su kama wani, kuma tana daɗewa a raye a hannu, a kan fo, a kan tabarma. Ko a Amurka, kafin rigakafi, da wuya yaro ya kai shekara biyar bai yi ta ba. Bambancin, can yara 20 zuwa 60 take kashewa a shekara, saboda asibiti na kusa. A duniya kuwa an ƙiyasta ta kashe yara 528,000 a 2000, da 215,000 a 2013. A wannan lissafi na 2013, kashi 14 cikin 100 'yan Najeriya ne, Indiya ce kaɗai ta fi mu.

Maganar haƙori kuma, a gaya wa Hajiya cikin ladabi cewa ta ga daidai amma ba haƙorin ba ne. Watannin da haƙori ke tsirowa su ne watannin da garkuwar da yaro ya gado daga uwa ke raguwa, ya fara rarrafe, komai ya tsinta sai baki, a fara ba shi kunu. Lokaci ne ya haɗa su. Illar cewa "haƙori ne" ita ce a zauna ana jira ya gama fitowa.

Yadda aka yi ta faɗi-tashi

Dabarar rigakafin daga lura da yara aka samo ta. A Meziko an bi jarirai 200 daga haihuwa har shekara biyu, aka fitar da sakamako a 1996. Yaro yakan kamu da rota fiye da sau ɗaya, amma kamun farko ya fi muni, kuma duk wanda ya yi ta sau biyu ba ta sake kwantar da shi ba. Sai masana suka ce, to a ba jariri ƙwayar da aka raunana ta baki, ta zame masa kamun farko da na biyu ba tare da ya sha wahalarsu ba. Ki riƙe wannan, Malama: tun daga tushe ba a yi shi don yaro ya daina gudawa ba, an yi shi ne don kada ta kai shi ga ƙarin ruwa ko kabari.

Na farko da ya fito shi ne RotaShield, a Amurka, 1998. Shekara guda ya yi aka janye shi a 1999, don an ga a cikin jarirai kamar 10,000 yakan sa hanjin ɗaya ya zurma cikin kansa, kamar yadda hannun riga kan shige ciki in an tuɓe ta da gaggawa. Wannan abu yana bukatar asibiti nan take, wani lokaci har tiyata. Ga ƙasar da cutar ke kashe yaran da ba su kai ɗari ba a shekara, janyewar ta yi daidai. Amma da aka janye shi can, sai maganar gwada shi a Afirka da Asiya ta mutu, aka yi shekara bakwai ana jiran wani, ana binne yara kusan rabin miliyan kowace shekara. Har yau in na tuna wannan sai raina ya sosu. Sai dai in na yi wa kaina adalci, da an kawo mana maganin da Amurkawa suka ƙi, wa zai miƙa ɗansa? A 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan da yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Zargin da ake yi a majalisar mai gidanki yana da asali, ba na raina shi.

A 2006 aka fitar da sakamakon wasu biyu, RotaTeq na kamfanin Merck da Rotarix na GSK. Saboda abin da ya faru a baya, kowanne sai da aka gwada shi a kan jarirai sama da 60,000. A Amurka da Turai da Kudancin Amurka sun hana gudawar rota mai tsanani da kashi 85 zuwa 98 cikin 100. Nan ne "kusan ɗari bisa ɗari" ta samo asali.

Kwalba ɗaya, ciki daban-daban

Daga nan aka kawo su inda aka fi bukata. Rotarix ɗin nan dai, daga masana'anta ɗaya, aka gwada shi a Afirka ta Kudu da Malawi, aka fitar da sakamako a 2010. A Afirka ta Kudu kashi 77, a Malawi kashi 49. RotaTeq kuma da aka gwada a Gana da Kenya da Mali, kashi 64 a shekarar farko ta rayuwa, in aka haɗa da ta biyu ya sauko 39. Ba a sirka shi ba, ba a rage masa komai ba. Na Indiya da ake ba yaranmu, Rotavac, ya ba da kashi 54 a gwajinsa na Indiya. Kin ga duk a layi ɗaya suke. Da za ki sayi na Turai da kuɗinki a asibitin kuɗi, babu hujjar da ke nuna zai fi wannan aiki a cikin ɗanki.

Abin da ya fi gamsar da ni cewa matsalar ba ta kwalba ba ce, shi ne binciken da aka yi a wata unguwar talakawa a Vellore, kudancin Indiya, irin wancan na Meziko, aka fitar a 2011. Can ko cutar kanta, ba rigakafi ba, yaro sai ya yi ta sau uku amma kariyar da ta bar masa ba ta wuce kashi 79 ba. Wato hanjin yaron da ya tashi a irin muhallinmu bai cika riƙe darasin da wuri ba, ko wane ne malamin.

To mene ne amfanin rabi? Ki ɗauki manoma masara biyu. Ɗaya a Soba, ƙwari na cinye masa buhu goma duk shekara, ya sami feshin da ke tsirar da rabi. Ɗayan buhu ɗaya yake asara, feshinsa kuma yana tsirar da tara cikin goma. Na farko ya tsira da buhu biyar, na biyu ko buhu guda bai cika ba. Haka lissafin ya fito a gwajin nan na 2010: a cikin kowane jarirai 100 da aka ɗiga wa, an kare kusan bakwai daga gudawa mai tsanani a Malawi mai kashi 49, kusan huɗu kuma a Afirka ta Kudu mai kashi 77. Ganin haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2009 kowace ƙasa ta sa shi cikin rigakafin yara. Bayan Malawi ta fara bayarwa, an bi ƙauyuka an ƙirga, aka ga mutuwar jarirai ta dalilin gudawa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a cikin waɗanda aka ɗiga wa. Ba "da babu gara ba daɗi" nake ce miki ba. A wurinmu ne ma ya fi ceton rai.

Me ke rage masa ƙarfi a cikin yaranmu?

A nan masana ba su gama daddalewa ba, kuma ni mai duba marasa lafiya ce, ba mai haɗa rigakafi a ɗakin bincike ba, don haka abin da aka gano zan faɗa miki da yadda nake auna shi. Tunda ƙwayar mai rai ce, sai ta zauna a hanji ta hayayyafa kaɗan kafin jiki ya gane ta ya shirya mata. Duk abin da ya hana ta zama, ya rage aikin.

Na farko abin mamaki ne: garkuwar uwa. Matanmu sun sha haɗuwa da rota tun suna yara har suka girma, jininsu cike yake da makaman yaƙarta, kuma suna miƙa wa jariri ta mabiyiya tun yana ciki. Wannan alheri ne, shi ke tsare jariri a watannin farko, amma makaman ba sa bambance ƙwayar rigakafi da ta cuta. An zargi nono ma. Aka gwada a Indiya da Pakistan da Afirka ta Kudu, aka ce wa iyaye su ɗan dakatar da shayarwa kafin ɗigo da bayansa, ba a ga wani ƙarin amfani ba. Don haka kada wanda ya ce miki ki hana yaro nono ranar rigakafi.

Na biyu, kuma shi na fi ba nauyi saboda abin da nake gani, shi ne halin da hanjin yake ciki. Yaron da ke rarrafe a tsakar gidan da kaji da awaki ke yawo, ana sayen ruwa wurin 'yan garuwa, masai na kusa da rijiya, kullum yana haɗiyar ƙwayoyi iri-iri ko da bai yi gudawa ba. Hanjinsa yakan zauna cikin kumburi na ɓoye, gashi-gashin nan su daƙushe, sai ƙwayar rigakafi ta tarar da gida cike da baƙi, ba wanda ya kula da sallamarta. In aka haɗa da tamowa da ƙarancin sinadarin zinki, abin ya ƙaru. Ɗigon shan inna da ake bayarwa rana ɗaya da shi ma yakan ɗan yi masa kishiya, musamman a karon farko, amma ragin bai kai a raba musu rana ba, don in an ce uwa ta dawo wani mako, da yawa ba za su dawo ba.

Akwai kuma gado. A fatar hanji akwai wasu alamomi, dangin rukunin jini, waɗanda ƙwayar ke kamawa ta shiga. Wani bincike a Burkina Faso ya nuna yara da yawa a yankinmu ba su da irin alamar da nau'in rota na Turai ke kamawa, wani nau'in daban ne ya fi samunsu. Wannan na iya zama ɗaya daga cikin dalilan, ba duka ba.

Indiya da Madarumfa

Yanzu ga maganar araha. Lokacin da RotaTeq ya fito a Amurka, kowane zuwa ya haura dala 60, kuma sau uku ake yi. Ko da GSK ya sauke wa ƙawancen Gavi, mai taimaka wa ƙasashe marasa ƙarfi sayen rigakafi, farashi zuwa dala biyu da rabi a 2011, ƙasar da ake haifar yara sama da miliyan 7 a shekara kamar tamu sai ta yi lissafi. Ba kuɗi kaɗai ba, har da yawan da masana'anta za ta iya fitarwa. A 2018 Merck ya sanar da rage abin da yake ba Gavi, ƙasashe huɗu ciki har da Mali da Burkina Faso suka koma neman wani. Duk wanda abincinsa ke tukunyar wani, ranar da aka rufe tukunyar sai ya kwana da yunwa.

Indiyawa sun hango wannan da wuri. A tsakiyar shekarun 1980 wani likitan yara, M. K. Bhan, ya lura a wani babban asibitin koyarwa na Delhi cewa jarirai sababbin haihuwa suna kamuwa da wani nau'in rota amma ba sa gudawa, kuma daga baya sukan fi sauran tsira. Wato Allah ya raunana ƙwayar da kansa. Aka sa mata lamba 116E. Gwamnatin Indiya, masana daga Amurka, ƙungiyar PATH mai aikin lafiya a ƙasashe masu tasowa, da kamfanin Bharat Biotech na Hyderabad suka yi kusan shekara talatin a kanta, aka gwada a kan jarirai kusan 6,800, kamfanin ya yi alkawarin dala ɗaya kowane zuwa. Shi ne Rotavac. Arahar daga nan ta fito: kuɗin bincike gwamnati da masu tallafi suka ɗauki kaso mai yawa, aiki a Indiya bai kai na Turai tsada ba, kuma ana yin sa da ɗimbin yawa. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance shi da ma'aunin da take tantance na kowa.

Na biyun da Indiya ta yi ya fi kusa da mu. Kamfanin Serum Institute na Pune ya yi nasa, Rotasiil, a matsayin gari busasshe da ake damawa da ruwansa lokacin bayarwa, aka tsara shi ya jure zafi na watanni ba firji. Da aka tashi gwada shi a Afirka, Madarumfa aka je, jihar Maraɗi a Nijar, ƙetaren Jibiya kaɗan. Ƙungiyar Likitoci Na-gari-na-kowa da cibiyarta ta bincike suka bi jarirai sama da 3,500, aka fitar da sakamako a 2017: kashi 67. Ina son in gaya wa iyaye wannan. 'Ya'yan Hausawa ne, masu shan koko da fura irin namu, iyayensu mata suka amince aka yi aikin da duniya ke cin moriyarsa.

Me ya sa jure zafi ya zama abin nema? Duk wanda ya yi aiki a ƙananan cibiyoyinmu ya sani. Rotavac na asali a daskare ake ajiye shi a manyan ɗakunan sanyi, in ya sauko ƙasa kuma sai ya zauna a firji tsakanin digiri 2 da 8. Na taɓa kai ziyara wata cibiya a bayan gari cikin watan Afrilu, na tarar firjin sola ya kwana biyu da lalacewa. Ma'aikaciyar ta jera kwalaben a akwatin sanyi, ta aika ɗan acaɓa cikin gari ya sayo ƙanƙara da kuɗin aljihunta. Muka ɗaga kwalaben ɗaya-ɗaya muna duba 'yar alamar da ke jikin takardar, wani ɗan murabba'i fari a cikin da'ira, wanda ke yin duhu in zafi ya taɓa maganin. Waɗanda murabba'insu ya yi duhu kamar da'irar muka ware gefe, mata kuwa suna zaune a benci da goyo suna jira. Kina da ikon ki ce a nuna miki wannan alamar kafin a ɗiga wa ɗanki, ma'aikacin kirki ba zai ji haushi ba.

Afirka ta Kudu ta fara bayarwa a 2009, Gana 2012, Nijar 2014. Mu sai Agustan 2022, aka fara da jihohin Arewa, a sati 6 da 10 da 14 tare da sauran na kan kati. Na shan inna ɗigo biyu ne, na rota biyar, in kina son ki bambance su. Shekara goma sha shida ke nan bayan yaran Amurka. Kuɗi da ƙarancin maganin a kasuwar duniya suna cikin dalilan, amma ba zan ɗora wa na waje duka ba, tunda Nijar ta riga mu da shekara takwas.

Abin da ake kan nema

Ba a tsaya nan ba. A Melbourne, inda aka fara gano cutar, sun ɗauko wani nau'in na jarirai sababbin haihuwa suka yi rigakafin da ake fara bayarwa tun kwanakin farko, kafin hanji ya cika da baƙi. A gwajin Indonesiya da aka fitar a 2018 ya ba da kashi 75 har zuwa wata 18. Wannan yana ba ni sha'awa, sai dai ina tunanin namu yanayin, inda yawancin haihuwa a gida ake yi kuma maijego ba ta cika fita kafin suna ba. Wasu kuma suka ce tunda hanji ne matsalar, a kauce masa a yi allura. PATH ta kai wata irin wannan babban gwaji a Gana da Malawi da Zambiya, amma a 2022 aka tsayar da shi, don ba a ga alamar ta fi na ɗigo ba. Mun sa rai, ba ta yiwu ba. Ana kuma duba ƙarin ɗigo a wata tara, saboda kariyar kan ragu a shekara ta biyu.

Yin namu a gida shi ne doguwar magana. Najeriya ta taɓa yin rigakafin 'yan rani da na shawara da na cizon mahaukacin kare a Yaba, Legas, aka rufe wurin a 1991. Yau abin da Afirka ke yi da kanta bai wuce kashi ɗaya cikin 100 na rigakafin da take amfani da shi ba, Tarayyar Afirka kuma ta sa burin kashi 60 nan da 2040. Darasin Indiya shi ne shekara talatin ta haƙuri da gwamnatin da ba ta janye hannu ba.

Ɗanki

Ban ga yaron ba, kuma ba a gane rota da ido sai an auna kashi, don haka ba zan ce miki ita ce ko ba ita ba ce. Ko wata ƙwayar ce daban da rigakafin bai shafe ta ba, ko kuma rotar ce ta zo ta tarar an shirya mata. Daga wasiƙarki na fahimci kwana uku ya yi, kuma ba ki ambaci kwanciya ko ƙarin ruwa ba. In haka ne, wannan shi ne irin abin da muke fata.

Game da zurmawar hanji, tunda na ambata: da na yanzu haɗarin ya yi ƙasa ƙwarai, a wasu ƙasashe ɗaya zuwa shida cikin jarirai 100,000, kuma binciken da aka yi a ƙasashen Afirka bakwai a kan Rotarix, aka fitar a 2018, bai ga ƙari ba. Duk da haka, jaririn da ya tsandara kuka farat ɗaya yana naɗe ƙafafu, ya yi shiru ya sake, ga amai, ga kashi mai jini da majina, a kai shi babban asibiti a daren, ko an yi masa rigakafi ko ba a yi ba.

In gudawa ta sake zuwa, nono kada ya tsaya, abinci ma haka. Ki ajiye ƙullin gishiri da sukari na asibiti a gida tun kafin bukata. Yawancinsu na lita ɗaya ne, wato ledar fiyawata biyu, amma ki duba rubutun jiki. Cokali-cokali ake ba shi, in ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba. A haɗa da ƙwayar zinki kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya a rana ta uku, nan ne iyaye suka fi saki. Flagyl da sauran magungunan kemis ba sa taɓa rota. In ya ƙi kama nono, ko idanu suka zurma, ko ya wuni bai jiƙa nafkin ba, ko jiki ya saki, ko kika ga jini, to zaman gida ya ƙare.

Kin ce watansa tara. Lokacin allurar ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau ya yi ke nan, kuma gudawar makon jiya ba ta hana. Ki nemi izinin hedimasta ki ɗauki katin ku je ranar rigakafi mai zuwa, a auna nauyinsa ma a ga ko ya rame. A gaishe da Hajiya da mai gidan.